Yadda ake gano abin da ke sa injin Beetle misin lokaci-lokaci

Motar mahaifina ce, Volkswagen Beetle mai inji 1600, irin wadda muke ce wa kunkuru. Tun da Allah ya yi masa rasuwa ta dawo hannuna. Wata damina sai ta ɓullo da wani hali. Da safe in tashe ta a unguwar Aboabo ta Kumasi, ta tashi ras, in ratsa cunkoson gari lafiya lau. Da na kama hanyar Mampong na yi kamar minti ashirin, sai ta fara tari tana fizga, kamar ana jan ta ta baya. In na tsaya na buɗe murfin inji, sai in tarar tana sulo tiryan-tiryan kamar ba ita ba. Sau uku ina kai ta Magazin, unguwar makanikai, wurin kawuna, wanda ya tsufa a kan gyaran irin waɗannan motoci, sau uku tana isa gabansa lafiya ƙalau.

A tsakanin nan na sayi fulogi huɗu, na sayi kwayil, har wani mai sayar da kaya ya shawo kaina na ɗauki kafireto. Ko ɗaya bai canza komai ba. Ranar da kawu ya ga kafireton a kwali, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ciwon da ba ka gani ba kake saya wa magani. Mayar da tsohon, mu fita da ita."

Misin, wato inji ya riƙa tsallake bugu yana fizga, in mai zuwa ya tafi ne, ba a gano shi da sayen kaya. Sai ka kama shi yana cikin yi, sannan ka riƙa canza abu ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na biyu. Kuma kada ka ce tunda tana tafiya a bar ta haka. Wannan inji ba shi da lagireto, iska da baƙin mai ne kawai ke sanyaya shi. Wasu abubuwan da ke kawo misin, irin su ƙarancin fetur da matsewar bawul, su ne kuma ke dafa kan silinda. Beetle ta ƙarshe mai inji a baya irin wannan ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003, don haka kowane kan silinda na asali da ka ƙona, samun madadinsa sai an sha yawo.

Fara da tambayar yaushe

Kafin ka ɗauki sifana, ɗauki biro. Yi kwana biyu ko uku kana rubuta lokacin da abin ke zuwa. Da sanyin inji ne ko bayan ya ɗauki zafi? A sulo ne, ko lokacin da ka taka totur, ko kana tafiya a miƙe ƙafarka a wuri ɗaya? A hawa ne? Bayan ruwan sama ko bayan wanki? In ka faɗa rami? Tanki cike ko ya kusa ƙarewa?

Kowace amsa tana nuna maka inda za ka dosa. Misin bayan ruwa ko da safiya mai raɓa, yawanci wayoyin fulogi ne ko murfin distiributa. Wanda ke zuwa bayan inji ya yi zafi, ya tafi in ya huce, ka zargi kwandansa da kwayil. Wanda ke zuwa a kan gargada, waya ce ta saki. Wanda ke zuwa a doguwar hawa, irin hawan fitowa daga tafkin Bosomtwe, inda mota ke yin kamar numfashinta ya ƙare sannan ta farfaɗo in ka sassauta, wannan yunwar fetur ce. Akwai kuma bambanci a jiki: matsalar wuta tana zuwa da fizga mai kaifi, farat ɗaya, wani lokaci da harbi a salansa, ta fetur kuwa a hankali take zuwa, kamar kasala.

Ka san lambobin silindarka. In ka tsaya a bayan mota kana fuskantar inji, a damanka na ciki shi ne 1, na kusa da kai 2. A hagunka na ciki 3, na kusa da kai 4. Wuta tana bin su ne 1, 4, 3, 2, kuma haka wayoyin ke jere a kan murfin distiributa in ka bi su yadda hannun agogo ke tafiya. Duba wannan tun yanzu, domin yaro mai koyon aiki yana iya musanya waya biyu ba da saninsa ba.

Kafin ka sa hannu a inji mai aiki, naɗe hannun rigarka, ka cire carbi ko duk wani abu mai lilo. Fanbel da fuli suna nan a gabanka tsirara, kuma ba sa jira.

Bawul tukuna, da injin da ya kwana

Mutane da yawa suna tsallake wannan su tafi kafireto. A wannan inji kuskure ne babba, don duk saitin da ka yi a kan bawul mara daidai, aikin banza ne.

Dole inji ya yi sanyi ƙalau, wato ya kwana ba a tashe shi ba. Cire murfin distiributa. Juya fuli da sifana har bakin rota ya kalli ɗan tsagin da ke gefen distiributa, alamar fuli kuma ta zo daidai da layin da ya raba gangar inji biyu. Yanzu silinda 1 ce a wurin da ake so. Shiga ƙarƙashi ta dama, ka ture wayar ƙarfen da ke riƙe murfin tafet da sukudireba, ka ajiye tsumma don ɗan man da zai ɗigo. Zura fila geji mai kaurin milimita 0.15 tsakanin sukurun saiti da kan bawul. Ya kamata ya shige da ɗan ja kaɗan. In ya ƙi shiga, ko yana yawo, kwance notin, ka juya sukurun, ka riƙe shi da sukudireba ka ɗaure, sannan ka sake aunawa, domin ɗaurin yakan ɗan motsa shi. In ka gama biyun silinda 1, juya fuli rabin zagaye saɓanin hannun agogo ka yi silinda 2, wani rabin ka yi 3, wani rabin ka yi 4.

Kada ka gyara kawai ka wuce. Rubuta yadda ka tarar da kowanne. A kowane kan silinda, bawul biyun da ke waje su ne na fitar hayaƙi, na tsakiya na shigar mai. Bawul yana sauke zafinsa ne lokacin da ya zauna daram a mazauninsa, to in ya matse ba ya rufewa sosai, matsi yana zurarewa, shi kuma yana gasuwa. Na fitar hayaƙin silinda 3 shi ya fi shan wahala, musamman a injunan da suka riga 1971, inda abin sanyaya baƙin mai yake zaune cikin gidan fanka yana tare wa wannan ɓangare iska. In ka saita shi yau, bayan ɗan lokaci ka sake tarar da shi ya matse, ka sake saitawa ya sake matsewa, to ajiye motar. Bawul ɗin miƙewa yake yi ko mazauninsa na nutsewa, kuma ƙarshensa kansa ya tsinke ya faɗa kan fistin. Cire kan silinda yanzu ya fi araha nesa ba kusa ba.

Fulogi suna ba da labari

Tunda inji na da sanyi, cire fulogin yanzu. Kan silindar alminiyon ne, in ka kwance da zafi zaren yana iya biyo fulogin. Jera su a kan kwali, kowanne da lambarsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce. Baƙin toka busasshe, mai ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi. Jiƙe da baƙin mai, ringi ne ko hanyar bawul. Fari fat kamar alli, fetur ya yi kaɗan kuma silindar tana zafi fiye da kima. Abin da ka fi nema shi ne wanda ya bambanta da 'yan'uwansa. In ɗaya ne, matsalar ta silinda ɗaya ce: waya, fulogi, bawul. In biyun gefe ɗaya ne suka yi fari, iska na shiga ta manifol, wato bututun da ke kai mai daga kafireto zuwa kan silinda, na wannan gefe. In duka huɗun iri ɗaya ne, nemi abin da suka yi tarayya a kai, wato kwantak, kwandansa, kwayil ko kafireto.

Tazarar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Wajen mayarwa, fara ɗaura shi da hannu, da ɗan guntun tiyo a kansa, har ya shiga sosai kafin ka sa sifana.

Wuta

Nan ne mafi yawan misin mai zuwa ya tafi yake ɓuya, don haka nan za mu daɗe.

Da dare, a wuri mai duhu, tashi injin ka kashe tocila ka zuba ido. Wayar da ta tsufa za ka ga ɗan shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikinta zuwa kwanon inji, har kana jin ƙarar tas-tas. In ba ka ga komai ba, fesa ɗan ruwa kamar raɓa a kan wayoyin ka sake kallo. Duba kuma robobin da ke toshe ramukan fulogi a jikin kwanon. Ba ado ba ne, in babu su iskar sanyaya inji ta nan take gudu.

Kifa murfin distiributa ka haska cikinsa. Nemi tsaga, ko wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir, nan ne wuta ta yi wa kanta hanya. Danna ɗan gawayin tsakiya, ya kamata ya shige ya dawo. Yawancin rota na Bosch suna da abin rage wuta a binne cikinsu. Sa mita daga tsakiya zuwa baki, in allura ba ta nuna komai ba, to ya ƙone.

Sai kwantak, wato 'yan bakunan ƙarfe biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikin distiributa. Juya inji har ya buɗe iyakar buɗewarsa, tazarar ta zama milimita 0.4. Mai na'urar auna kusurwar rufewa ya nemi digiri 44 zuwa 50. Ɗan robar da ke goga a jikin sandar tsakiyar distiributa yana cinyewa, musamman da ƙurar hunturu in ba a shafa masa ɗan giris ba, sai tazarar ta riƙa raguwa har wuta ta fara yankewa. Kama sandar ka girgiza ta gefe da gefe. In tana lilo, tazarar ba za ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba komai iya saitinka. Kuma duk lokacin da ka taɓa kwantak, taimin ya motsa, sai ka sake duba shi. Adadin ya danganta da irin distiributar da ke motarka, amma jimillar gabatar da wuta in inji ya kai zagaye 3,000 ko fiye kada ta wuce digiri 32, an cire tiyon iska na distiributa.

Kwandansa ba ya nuna laifinsa a ido. Da sanyi yana aiki, da zafi ya saki. In fuskar kwantak ta ƙone ta yi rami duk da sabo ne, shi ake zargi. Gwajinsa shi ne a sa wani da aka tabbatar da lafiyarsa. Ni dai na fi yarda da tsohon Bosch da aka ciro daga mota mai aiki a kan wasu sababbin da ke kasuwa yanzu, don na ga sabo fil ya mutu cikin mako. Kwayil mai bolt 12 irin na wannan mota yana nuna kamar om 3 zuwa 4 tsakanin ƙananan bakunansa biyu, masu lamba 15 da 1. Auna shi da sanyi, ka sake aunawa nan take lokacin da misin ya zo. In yana yoyon mai ko bakinsa ya tsage, ya gama aiki. Kada ka bar ki a kunne inji a kashe, yana dafa kwayil da kwantak.

Baki mai lamba 15 shi ke karɓar wuta daga makunni, kuma daga nan ake jan wayar cok da ta ɗan abin da ke yanke mai a jikin kafireto. Ja kowace waya a hankali inji na sulo, ka saurara. In ba ka samu komai ba, ɗaura ƙaramin ƙwan fitila a kan 15 da doguwar waya, ka shigo da shi cikin mota inda za ka gan shi, ka fita. In ƙwan ya ƙyafta daidai lokacin fizga, laifin na makunni ne ko wayar da ta taso daga gaba. Leƙa kuma faffaɗar wayar da ta haɗa giyabos da jikin mota, da kawunan batir a ƙarƙashin kujerar baya.

To, ranar da muka fita da kawu, yana zaune a gefena bai ce uffan ba har muka wuce Tafo, hanya ta buɗe. Da ta fara fizga ya ce, "Taka ta sosai." Na taka, sai ta miƙe sumul. Ya ce, "Sassauta, ka riƙe ta a nan." Na sassauta, ta koma tari. Muka yi haka sau uku. Ashe minti ashirin ɗin da na ɗora wa zafi ba zafi ba ne, lokacin ne kawai nake fita daga cunkoso in samu in riƙe totur a tsakiya.

Muka tsaya a gefen hanya. Ya zare siririn tiyon da ke zuwa ɗan gwangwanin gefen distiributa, ya toshe bakin da ke jikin kafireto, muka sake tafiya. Ko fizga ɗaya. Sannan ya cire murfi da rota, ya sa tiyon a baki ya zuƙa, ya ce in leƙa. Farantin da kwantak ke zaune a kai ya ɗan juya, sai ga wata 'yar waya saƙaƙƙiya, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, tana reto da zare biyu kacal, sauran duk sun tsinke sun yi kore. Ta cikinta wuta ke komawa jikin ƙarfe. A sulo farantin ba ya motsi, in an taka totur har ƙasa ma yana komawa mazauninsa, amma a tsaka-tsaki iska na jan sa, wayar ta miƙe, wuta ta yanke. Da dalma aka like sabuwa. Shekaru nawa na yi ina ganin mahaifina yana buɗe wannan murfi, ban taɓa lura da ita ba.

Fetur da iska

In wuta ta fita daga zargi, ga gwajin da ya fi kowanne. Lokacin da mota ke cikin kasalarta, a wurin da babu haɗari, taka kulochi ka kashe ki nan take, ka gangara gefe. Jira inji ya ɗan huce, ka kwance sukurorin saman kafireto ka ɗaga. In kwanon fulot ya kusa bushewa, mai ba ya isowa. Sai ka bi hanyarsa daga gaba: tankin da yawa daga cikin waɗannan motoci ya haura shekara arba'in, tsatsa tana taruwa ta toshe rariyar da ke ƙasansa, in mota ta tsaya ta saki, shi ya sa abin ke zuwa yana tafiya. Buɗe murfin tanki, in ka ji ya zuƙi iska, hanyar numfashinsa ta toshe. Tsiyayi ɗan mai a kwalba mai haske, ruwa zai kwanta a ƙasa. Sannan matata, sannan famfon mai.

In kwanon cike yake, duba ƙaramin jet na sulo da ke gefen kafireton Solex. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Hura shi da iska, kada ka zura waya. Kunna ki, ka cire wayar abin yanke mai ka taɓa ta a bakinsa, ya kamata ka ji ƙas. Leƙa maƙogwaron kafireto inji a kashe ka ja totur, ka ga siririn mai ya feso a miƙe.

Tunda kana wurin, ja ɗan bututun tagullar da tiyon fetur ke shiga a jikin kafireto. In yana motsi, gyara shi kafin komai, haka ma tiyon da ya bushe ya tsattsage. Distiributa da tartsatsinsa suna ƙasa da shi kaɗan, kuma ta nan Beetle da yawa suka ƙone ƙurmus.

Injin 1600 mai hanya biyu a kowane kai yana da robobi biyu da suka haɗa manifol. Suna tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani, tsagar tana buɗewa da zafi. Fesa musu ruwa inji na sulo, in muryarsa ta canza, iska na shiga. Wasu suna yin gwajin da fetur, ni ba na yi. Girgiza kuma sandar totur ta kafireto ka ji ko ta cinye.

Akwai siririn bututu da ke kawo zafin salansa ƙarƙashin manifol. Na sha ganin an yanke shi an toshe, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Amma fetur in yana zama tururi sanyi yake jawowa, kuma da safiyar damina a Kumasi za ka taɓa wuyan manifol ka ji shi da sanyi yana gumi. Man sai ya kwanta a bango maimakon ya tafi silinda, mota ta riƙa sarƙewa in ka taka. Bayan tafiyar minti goma bututun ya kamata ya yi zafin da ba ka iya riƙe shi. In da sanyi yake, gawayi ya toshe shi.

Matsi da sanyaya

In har yanzu ba ka kama shi ba, auna matsin silinda. A dumama inji, a bar shi ya ɗan sarara, a cire fulogi duka a hankali, a cire wayar kwayil, a buɗe totur har ƙarshe. Kowace silinda ta kai bar 7, wato kusan psi 100, kuma kada bambancin babba da ƙarama ya wuce kamar bar 1.5. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokalin shayi na baƙin mai ka sake. In ta tashi ringi ne, in ba ta tashi ba bawul ne ko kan silinda. Injin 1600 ba shi da gasket tsakanin kai da silinda, ƙarfe ne kan ƙarfe. In notocin sun saki za ka ji tsut-tsut da sanyin safiya, ya ɓace in ya yi zafi, ka kuma ga baƙin tabo a mahaɗar.

Zura hannu bayan gidan fanka, inji a kashe, ka lalubo ko ta zuƙi leda ko tsumma. Danna fanbel da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya. Tabbatar kwanonin inji duka suna nan, da robar da ta kewaye shi, don ita ke hana zafin salansa dawowa sama.

Bayan kowane gyara guda, koma kan hanyar da ta saba yi maka, a irin lokacin, da irin takun. Ka tafi da kwantak, kwandansa, rota da fanbel na ajiya a cikin mota. In ta wuce wurin sau biyu ko uku ba ta yi tari ba, bar ta ta yi kilomita 500, ka kwantar da ita dare ɗaya, ka sake zura fila geji a bawul takwas ɗin, ka gwada da abin da ka rubuta a farko. Daga nan sai duk kilomita 5,000, tare da canjin baƙin mai.